Makulli na Uku a Ɗakin Tsohuwar Fiyano

Ranar da Auta ta dawo gida tana karkaɗa makullin situdiyo a yatsa, kowa ya taya ta murna ban da mahaifinta, wanda ake kira Mai Makulli. Shekara ashirin da shida ke nan Mai Makulli yana yankan makullai a bakin kasuwa, ya kuma sha ganin abin da ke biyo baya idan kaya suka ɓace. Ba a fara tambayar kowa sai wanda aka damƙa wa makulli. Ya gaya mata haka. Ta yi dariya ta ce, "Baba, kai ko yayyafi aka yi sai ka fara kwashe kayan ɗaki." Amma tun daga ranar, duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara yana wurin aiki sai gabansa ya faɗi.

Wata biyu aka yi lafiya. Ran Talata, ƙarfe biyu da 'yan mintoci, wayar ta yi ƙara.

"Baba, ka zo yanzu. An ɗauke Tsohuwa."

Tsohuwa sunan da 'yan situdiyon suka sa wa wata fiyano ce da ta girmi Auta da shekaru. Ba irin ta yanzu ba ce. Ita ba ta da murya ta kanta. Sai a ɗauko sauti a ba ta, ko na ganga, ko na sarewa, ko tarin mutum, ta shimfiɗa shi a kan madannanta, na hagu ya yi kauri, na dama ya yi siriri. Da an kashe wuta ta manta komai. Saboda haka ake adana sautukan a wasu ƙananan faya-fayai na roba masu kusurwa huɗu, ana tura mata su ta wani baki da ke gefenta. Auta ta sha gaya masa cewa akwai wata gurzar murya mai ɗumi da take fitarwa wadda kwamfuta ta kasa kwaikwaya, kuma rabin mawaƙan da ke zuwa situdiyon don ita suke zuwa.

Ya rufe akwatin aikinsa, ya hau babur.

Ya tarar da mutum uku a ɗakin. Auta na tsaye jikin bango, idonta ya yi ja. Maigida, mai situdiyon, yana kai da komo yana share gumi. Wani Saje na 'yan sanda kuma yana zaune a kan kujerar aikin Auta, jakarta a buɗe a cinyarsa.

"Kai ne uban?" in ji Saje.

"Ni ne, yallaɓai."

"To ka ji. Ta fita cin abinci ƙarfe ɗaya, ta ce ta kulle. Ta dawo biyu saura, ƙofa a kulle, kaya babu. Ba a fasa taga ba, ba a taɓa kuba ba. Makulli biyu ne. Ɗaya yana aljihun wannan bawan Allah, shi kuma tun safe yana asibiti wurin mahaifiyarsa, na tabbatar. Ɗayan na waye?"

"Yallaɓai, dube ta. Wannan fiyanon ko ƙato sai ya yi nishi kafin ya ɗaga ta."

"Shi ya sa nake tambayarta wa ya taya ta." Saje ya ɗaga wani baƙin faifai marar rubutu. "Wannan kuma a jakarta na same shi. Ta ce in ba shi fiyanon ba ta tashi. Kaya sun tafi, abin tayar da su yana jakarta. Ka fi ni shekaru, kai ka faɗa."

Maigida ya ce, "Ni na ɗauke ta kamar 'yata."

Auta ta buɗe baki, mahaifinta ya ɗaga mata hannu. Ya roƙi Saje ya bar shi ya duba ɗakin. Saje ya ɗaga kafaɗa.

Kwamfuta sabuwa tana nan a kan tebur. Makirufo biyu masu tsada suna rataye. A inda Tsohuwa take zama, ƙura ta zana doguwar shaida a kan katako. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin, ya ga wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai nauyi da wayarsa a kwance a ƙasa.

"Wannan fa, Auta?"

"Taransifomarta ce. Wutarmu ta fi ƙarfinta. In aka jona ta kai tsaye, ƙonewa za ta yi."

A gefen teburin akwai akwatin katako cike da faya-fayai a jere, kowanne da rubutun hannu. Ya ce ta ƙirga. Ta bi su da yatsa.

"Hamsin da uku. Ɗaya ne babu, na gaba, wanda aka rubuta wa NA TASHI."

"Ba ki ce na tashi shi ne wanda ke jakarki ba?"

"Na cikin akwatin ya mutu tun bara, Baba. Baba Dogo ne ya hana a jefar da shi. Wannan baƙin shi ke aiki. Baba Dogon ne ya koya mini cewa duk mai riƙe da makulli shi ke tafiya da shi."

Dogo shi ne makaɗin da ya yi shekara ashirin yana buga Tsohuwa, kafin Maigida ya sallame shi wata biyu da suka wuce, ya karɓi makullinsa ya ba Auta.

Mai Makulli ya ɗaga kai ya ga ƙusa a bango, ba komai a jikinta. Fentin da ke ƙarƙashinta ya fi na kewaye haske, daidai girman faifai.

"Me ake ratayewa a nan?"

Auta ta duba, ta yamutsa fuska. "Wani kwali ne. Da safe yana nan. Makon da na fara aiki na ɗauka shara ce na rubuta lamba a bayansa, Baba Dogo ya kusa cinye ni ɗanya. Ban san amfaninsa ba."

Saje ya yi tsaki. "Ana neman fiyano, kai kana neman kwali."

Mai Makulli ya je bakin ƙofa, ya yago farar takarda ya riƙe a ƙarƙashin ramin kubar, ya ɗan bubbuga da gindin sukundireba, sannan ya hura. Wani gari mai ƙyalli ya zubo a kan takardar, bai kai tsunkule ba.

"Yallaɓai, wannan garin tagulla ne. Sabon makulli ne ke barin sa ranar da aka fara murɗa shi. Dubi nata, dubi na Maigida, duk sun goge sun yi sumul. An yanka na uku."

Saje ya daɗe yana kallon takardar. "Kai kuma sana'arka yankan makulli."

Mai Makulli ya ce, "Haka ne."

"To ka ga ba ka taimake ta ba." Ya rufe jakar, ya jefa baƙin faifan a aljihu. "Don furfurarka zan bar ta ta kwana a gida, ka sa hannu. Gobe sha biyu ku zo caji ofis. In ba wani sabon abu, zan rubuta sunanta, kotu ta ji sauran."

Mai Makulli ya san abin da hakan ke nufi. Yarinyar da ta kwashe shekara uku tana koyon haɗa sauti, in sunanta ya shiga takardar sata, babu situdiyon da zai sake buɗe mata ƙofa. Ya aika ta gida wurin mahaifiyarta, shi kuma ya nufi gidan Dogo kafin la'asar.

Ɗaki ɗaya Dogo ke haya a bayan wani garejin mota. Ya tarar da shi a kan tabarma yana gyaran takalminsa da allura. Dogon mutum ne da gaske, yatsunsa kamar sandunan ganga.

"Na ji labari," in ji Dogo. "Ka zo duba ƙarƙashin gadona? Bismillah, ba ni da gado."

"Ka riƙe makullin nan shekara ashirin."

"Na kuma mayar."

"Kuma an sallame ka ba ka so ba."

"Ban so ba. Na yi mafarkin ɗauko ta ya fi sau goma, ba zan ɓoye maka ba. Maigida bai san abin da yake da shi ba. Ka san gangar da ke cikin waƙoƙin da suka yi wa situdiyon nan suna? Ba ganga ba ce. Bokitin ƙarfe ne na buga da tafin hannu, ta karɓa ta mayar da shi abin da ke girgiza ƙirji. Akwai faifan da na sa wa kofin shayi da cokali, in ka ji sai ka rantse ƙararrawa ce. Yaran yanzu suna da sauti dubu a kwamfuta, duk sun yi tsabta da yawa, kamar ɗakin asibiti." Ya ajiye takalmin. "Nawa aka ɗauka cikin faya-fayaina?"

"Ɗaya. Na tashi."

Dogo ya zuba masa ido, sai ya kece da dariya. "Mataccen? Wanda na bari don rubutun malamina ne a jiki? To wannan ɓarawon ya ɗauki gawa. Taransifoma fa?"

"Tana nan."

"Ka ji. Ni in na ɗauke ta, don in buga ta zan ɗauka. Zan bar aikina na shekara ashirin a akwati, in bar abin wutarta, in ɗauki faifan da ni na shaida mutuwarsa?"

Mai Makulli ya riga ya yi wannan tunanin a hanya, amma yana so ya ji daga bakinsa. Sai ya tambaye shi batun kwalin.

Dariyar Dogo ta tsaya. "An ɗauki kwalin?"

"An ɗauka."

"Tare da Tsohuwa ya zo daga kamfani. In za a ɗaga ta zuwa wani wuri, sai a tura mata shi a baki kamar faifai, don kada girgizar hanya ta lalata abin da ke karanta faya-fayan. In wannan ya lalace, ba inda za ka samu wani. Mu na da, ko daga tebur zuwa tebur ba mu ɗaga ta sai da shi. Hannunka ne ke yi, ba sai ka tuna ba."

"Wa ya san haka ban da kai?"

"Maigida ko kunna ta bai iya ba. 'Yarka ba ta taɓa ganin an ɗaga ta ba." Sai ya ƙara da cewa, "Sai Injiniya."

Injiniya mai gyaran kayan sauti ne a layin 'yan lantarki. Shi ke duba Tsohuwa in ta yi gardama, amma in ji Dogo, rabon da ya buɗe ta ya fi shekara ɗaya da rabi.

"Wato kafin faifan ya mutu," in ji Mai Makulli.

"Kafin nan."

"To ka saurare ni. Duk wanda ya ɗauke ta, yau zai jona ta ya ga ba ta tashi. Ba zai tambayi Auta ba. Kai kaɗai ka rage. In wani ya kira ka, ko wane ne, ka ce kana da wani kwafi, za ka kai masa da kanka."

Washegari da sassafe ya tare Maigida a ƙofar situdiyo yana ƙoƙarin buɗewa.

"Ka taɓa ba wani makullinka?"

"Na gaya wa Saje ban taɓa ba."

"Ko na awa ɗaya? Ka tuna dai. Na ga soket ɗin bangon nan sabo ne."

Maigida ya tsaya da murɗa makullin. "Wannan ai gyara ne. Ranar da 'yarka ta yi zazzaɓi, sati uku ke nan, na ba Injiniya ya canza soket. Da yamma ya maido mini. Injiniya mutumina ne, tare muka tashi. Ko da na ƙi sayar masa da fiyanon bara bai yi fushi ba."

"Ya nemi saye?"

"Wai wani daga waje ke tara irinsu."

"Ba ka gaya wa Saje wannan ba."

"Bai tambaye ni ba."

Ƙarfe tara da rabi wayar Mai Makulli ta yi ƙara. Dogo ne.

"Ya kira. Da jaje ya fara, har da cewa yaran yanzu ba su da amana. Sannan ya ce wai wani kwastomansa ya kawo irinta sak, ko ina da faifan tashi in ara masa."

Sai da Mai Makulli ya yi rabin awa a caji ofis yana roƙo kafin Saje ya yarda ya miƙe. "In ka ɓata mini lokaci," in ji shi, "ku biyu zan rubuta."

Shagon Injiniya ƙunci ne da shi, cike da tsofaffin amsa-kuwwa da ƙamshin dalma. Mutum ne mai fara'a, da tabarau a goshi. Da ya ga Dogo ya washe baki. Da ya ga waɗanda ke bayansa, Saje da Maigida da Auta da mahaifinta, bakin ya tsaya a washe.

"Ina fiyanon kwastoman?" in ji Saje.

Injiniya ya yi ɗan jinkiri, sannan ya janye wani bargo a ƙarshen benci. Ga ta nan, baƙa, doguwa, da ɗan koren gilashinta. A gefenta akwai babbar taransifoma ta shagon.

"Ita ce!" in ji Maigida.

"Haba, mutumina," in ji Injiniya. "Dubbai aka ƙera irinta. Ka riƙe lambarta?"

Maigida bai riƙe ba. Saje ya juya bayanta, inda farantin lamba ya kamata ya kasance sai ramukan ƙusa biyu.

"Haka aka kawo ta," in ji Injiniya.

"Wa ya kawo?"

"Wani matafiyi. Yau da yamma zai zo ya ɗauka."

Saje ya dubi Mai Makulli. "Zargi ne kawai wannan. Sha ɗaya ta wuce."

Mai Makulli ya dubi bargon, ya dubi igiyar da aka ajiye kusa da shi a naɗe. An shirya ta don tafiya. Ya ce, "Malam Dogo, danna abin da ke fitar da faifai."

Dogo ya miƙa dogon yatsansa ya danna. Wani kwali mai launin ƙasa ya leƙo daga bakinta.

"Kowace irinta da nata kwalin take zuwa," in ji Injiniya da sauri.

"Yallaɓai, juya bayansa."

Saje ya zare shi ya juya. Akwai lambar waya da shuɗin biro, rubutun hannun mace. Ya ciro wayarsa ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙara ta tashi daga aljihun Mai Makulli.

Auta ta rufe baki da hannu. "Sabon layin Baba ne. Ranar ya kira ni yana karanto mini, ba takarda kusa."

Injiniya ya zauna a kan wata amsa-kuwwa, ya sauke tabarau daga goshi.

Saje ya ce, "Yi mini bayani yadda zan rubuta."

"Ɓarawon titi kwamfuta zai ɗauka, ta fi sauƙi," in ji Mai Makulli. "Wanda ya ɗauki wannan ya san darajarta. Ya bar taransifoma, don yana da tasa. Ya bar sautukan, don ba bugawa zai yi ba, sayarwa zai yi. Ya ɗauki mataccen faifai, abin da Auta da Malam Dogo ba za su yi ba, don sun san ya mutu. Sannan a cikin gaggawar sata, da rana tsaka, ya tsaya ya ciro kwali daga ƙusa ya sa mata a baki. Da ya bar shi a bango, da yanzu ba mu da abin riƙewa. Amma mai gyara ne. Hannunsa bai iya ɗaga ta haka kawai ba."

"Da ta lalace a hanya fa," in ji Injiniya a hankali, kamar shi kaɗai yake magana.

Maigida ya juya wurin Auta. Ita kuwa ta miƙa wa Saje hannu. Ya ciro baƙin faifan daga aljihu ya ba ta, ya ce a gwada a gabansa don ya cika takarda. Ta jona Tsohuwa ta tura faifan. Aka ji tana gurnani ƙasa-ƙasa, koren gilashin ya kawo haske. Dogo ya zaro wani faifai daga aljihun rigarsa, ya ce tun ranar sallama yake yawo da shi, nasa ne, wanda ya ga dama ya kai shi kotu. Ya jira ta karanta, ya ɗora yatsu uku a hagu. Ƙarar bokitin ta cika shagon, har ƙananan ƙusoshin da ke kan benci suka yi rawa. Masu shagunan kusa suka fara leƙowa.

"Bokiti ne wannan?" in ji Saje.

"Mai yoyo ma," in ji Dogo.

A aljihun teburin Injiniya aka samu makulli na uku, yana ƙyalli. Saje ya miƙa wa Mai Makulli ya ce ya duba a matsayinsa na mai sana'a. Ya karɓa ya juya shi a hasken ƙofa. Irin ƙarfen da yake saye ne, amma rabin masu yanka a garin shi suke saye. Ya shafa haƙoran da babban yatsa. An goge bakin da magagari sau biyu, a karkace, daga hagu. Haka yake gama nasa. Haka kuma ubangidansa ya koya musu, su huɗun da suka yi zama a wurinsa.

"Wa ya yanka maka?" ya tambayi Injiniya.

Injiniya ya ɗaga kai ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, bai ce komai ba. Ko a caji ofis bai faɗa ba.

Auta ta koma aikinta ranar Alhamis, ta kuma ce ba za ta karɓi makulli ba sai an dawo da Dogo, aka dawo da shi kwana uku a mako. Mai Makulli ya canza musu kuba da hannunsa. A rana yakan yanka makulli talatin, wani lokacin fiye, mutane su miƙo su karɓa su wuce, ba ya ɗaga kai ya dubi fuska. Ya yi ta ƙoƙarin tuna wannan makon, ya kasa. Har yau bai sani ba ko shi ne ya yanka makullin da aka buɗe ƙofar da shi.